Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi: a raini mata masu binciken cutar daji a gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Shugaba, tare da malamai ƴan majalisar jami'a,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan buƙata guda ɗaya. Ina roƙon jami'armu ta ɗauki alƙawari a fili, ta rubuta shi cikin tsarinta da kasafin kuɗinta, cewa za ta raini ƴan mata masu karatun biyoshimi, wato ilimin sinadaran da ke aiki cikin jikin mai rai, tun daga shekarar farko ta lisans har su kai kujerar farfesa, kuma binciken da za su riƙe ya zama na cutar daji irin wadda ke cin mutanen jihar nan. Ni malamar kimiyya ce da ta yi aikinta a makarantun lise na jihar Maraɗi har ta yi ritaya, saboda haka farkon hanyar na sani, sauranta kuwa yana hannunku. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a domin iyaye da mazaje da attajiran garin nan su ma su ji, tunda kaso mai tsoka na aikin yana wuyansu.

Mutumin da jami'ar nan ke ɗauke da sunansa masanin sinadarai ne kafin ya zama ministan ilimi, kafin kuma a damƙa masa jagorancin hukumar haɗin kan al'adu da fasaha ta ƙasashe masu amfani da Faransanci a 1974. Makarantar da ta gaji irin wannan suna bai kamata ta tsaya kan yaye masu neman aikin ofis kaɗai ba. Tana da tsangayar kimiyya, da ta aikin gona, da ta kiwon lafiya, kuma matsalar da zan kawo muku a tsakiyar waɗannan ukun take zaune.

Zan fara da gyaɗa, domin da ita aka san Maraɗi tun zamanin da ake jibge buhunanta ana fitar da su ƙasashen Turai. Duk wanda ya zauna kusa da mata masu ƙuli-ƙuli ya ga yadda ake yi. Ana zuba ɓararriyar gyaɗa a faifai, ana tsince manya masu kyau a ware su domin kasuwa ko iri, sai a bar ƙanana da ƙanƙararru da waɗanda suka yi baƙi-baƙi ko kore-kore a tsaga. Waɗannan ba a zubar da su, don kuɗi aka sa aka saye su. Su ne ake soyawa a niƙa a matse mai, tunkuzar kuma a mulmula ta ta zama ƙuli-ƙulin da yara ke tauna a hanyar makaranta, ko a daka shi a yi yajin tsire, ko a zuba a kwaɗon zogale. Wannan kore-koren fumfuna ce da masana ke kira Aspergillus flavus, wadda ke samun shiga idan fari ya gajiyar da shuka kafin cira, ko aka tara gyaɗar ba ta gama bushewa ba a ɗaki mai zafi da laima. Tana fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda suya ba ta kashe ta, kuma mafi yawanta a cikin tunkuza take zama idan an matse mai.

Duniya ta farga da wannan guba ne a 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. Daga nan masu binciken sinadaran jiki suka bi sawunta mataki-mataki. Sun gano cewa idan ta shiga hanta, hantar da kanta ce ke juya ta zuwa wani sinadari mai kaifi wanda ke manne wa ƙwayar gado, kuma a 1991 aka nuna cewa a yankunan da ake yawan cin wannan guba, ɓarnar tana faɗawa kan wuri ɗaya tak, gurbi na 249 na ƙwayar gadon TP53, wadda aikinta shi ne tsayar da ƙwayar jikin da ta fara lalacewa kafin ta hayayyafa. Idan mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B kuma yana cin wannan guba, haɗarin kamuwarsa da dajin hanta yana ninkawa sau da yawa. Allurar rigakafin wannan ciwo ta shiga jerin alluran yara a Nijar a 2008, ke nan mafi yawan waɗanda aka haifa kafin wannan shekara, magidantan yau da matansu, ba su samu wannan kariya suna jarirai ba. Kowa a garin nan ya san wani magidanci da bai kai arba'in ba, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, aka yi ta cewa sammu ne har rai ya yi halinsa.

Abin da ya sa na daɗe a kan gyaɗa shi ne, ana iya auna wannan guba, kuma ana iya rage ta da abin da talaka ke iyawa. Tana barin shaida a cikin jini, manne da sinadarin albumin, tana kuma fita a fitsari da nonon uwa. A ƙasar Gine an gwada a ƙauyuka, aka koya wa manoma tsince gyaɗa da hannu, da shanya ta a kan tabarma maimakon ƙasa, da zuba ta a buhun algarara, da ɗora buhunan a kan katako. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna cewa gubar da ke jinin mutanen waɗannan ƙauyuka ba ta kai rabin ta maƙwabtansu da ba su bi wannan hanya ba. A Benin da Togo kuma bincike ya danganta ta da tsumburewar yara. Wanda zai yi mana irin wannan awo a Madarunfa da Gidan Rumji da Agiye da Tasawa, ya faɗa mana wane wata ne gubar ta fi yawa, kuma a rumbu take taruwa ko a shagon ɗan kasuwa, masanin biyoshimi ne. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, kuma ba na tsammanin wani baƙo zai zauna da mu shekara goma yana bin damina da rani domin ya amsa mana wannan tambaya.

Haka zancen yake a dajin mama, wanda shi ne kan gaba cikin dajin da ke kama matan ƙasar nan. Ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda sinadarin jikin mace ke ciyar da shi, kuma irin wannan yana jin ƙwayar tamoksifen, maganin da ba shi da tsada. Akwai wanda ba ruwansa da wannan ƙwaya ko an shekara ana sha. Ba a rarrabe su da ido ko da taɓawa, sai an yanki ɗan nama an yi masa gwaji a ɗakin awo. Farfesa Olufunmilayo Olopade, likita ƴar Najeriya da ta yi karatu a Ibadan kuma take aiki a Jami'ar Shikago, ta nuna tare da abokan aikinta cewa irin da ba ya jin wannan magani ya fi yawa a tsakanin matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, kuma yana kama su da ƙuruciya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar a 2021, ta nemi a kammala gano cutar cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Cibiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasa, wadda ta fara gasa ƙari da haske a 2021, tana Yamai, fiye da kilomita 600 daga nan, kuma rajistar masu cutar daji da aka buɗe a 1992 ita ma a can take. Duk gwajin da za a iya yi a Maraɗi yana rage wa mara lafiya kuɗin mota da kwanakin jira, yana kuma ƙara wa ƙasa sanin halin da jiha mai yawan jama'a irin tamu take ciki.

Za a tambaye ni me ya sa na nace a kan mata. Ban ce a hana maza ba, kuma ɗakin bincike yana buƙatar kowa. Sai dai masu sarrafa gyaɗa mata ne, da yawansu a cikin gida suke aiki, inda baƙon namiji ba ya wuce zaure. Matar da ta ji ƙullutu a mamanta takan ɓoye shi watanni, ta shafa masa saiwa da ganye, ta ɗaure da tsumma, ba ta faɗa wa ko mijinta sai ya fashe ya fara wari. Irin wannan mata za ta buɗe baki ta ba da labari, ta yarda a ɗebi jininta ko nononta, idan mai tambayar ƴar'uwarta ce mace da ke jin Hausarta, ta san gaisuwa da kunya da abin da ba a faɗa a gaban suruka. Bincike ba ya fin ingancin abin da aka tattaro, kuma a wannan fage mace ce za ta tattaro mai inganci.

Yanzu in zo kan hanyar kanta, wadda kun fi ni saninta, amma iyaye ba su sani ba. Yarinya tana cin bak, wato jarrabawar gama lise, tana da shekara goma sha takwas ko sha tara. Lisans shekara uku ne, masta biyu, digirin dokta uku a takarda, ko da yake a aikin ɗakin gwaji yakan kai huɗu ko biyar, saboda gwaji yana lalacewa a sake, kayan aiki suna makara a hanya. Bayan nan sai neman ƙwarewa a wani babban ɗakin bincike na shekara ɗaya ko biyu, sannan a ɗauke ta aiki a matakin farko. Daga nan hukumar CAMES mai tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka da dama, wadda aka kafa a Yamai a 1968 kuma take da mazauni a Wagadugu, ita ke duba takardunta a kowane hawa, daga metir-asistan zuwa metir-da-konferans zuwa cikakkiyar farfesa, kuma abin da ake ƙirgawa shi ne binciken da ta buga a mujallun kimiyya da ɗaliban da ta yaye. Ko komai ya tafi daidai, shekara ashirin ne ko fiye. Waɗannan shekaru ashirin kuwa su ne na aure da ciki da goyo, a ƙasar da alƙaluman UNICEF suka nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na mata ana aurar da su kafin su cika sha takwas, kuma jiharmu tana cikin na gaba-gaba.

Na koyar da ƴan mata a ajin ƙarshe na sashen D, wato na kimiyya, waɗanda suka fi kowa a aji iya daidaita lissafin sinadarai, masu hannu mai natsuwa, waɗanda ke tsayar da ɗigon ruwan awo daidai lokacin da launi ya juya alhali sauran ɗalibai sun zarce. Kaɗan ne daga cikinsu suka wuce lisans, kuma ba kaifin kai ne ya gaza ba. Wata kuɗin tallafi ya makara mata watanni, mahaifinta ya ga zaman banza ya yi yawa ya karɓi sadaki. Wata ta samu gurbin masta a wata ƙasa, mijin ya ce ba inda za ta da jariri. Wata ta haihu ana tsakiyar gwaji, ƙwayoyin da take reno a kwalba suka mutu don babu mai kula da su, aikin shekara guda ya tafi. Wuraren da ake rasa su sanannu ne, kullum a wuri ɗaya ake tuntuɓe, shi ya sa nake ganin hukuma za ta iya gyara su.

Tarihin wannan ilimi ya nuna irin asarar da ake yi idan aka rufe ƙofa. Gertrude Elion, Ba'amurkiya, ta ƙudiri aniyar yaƙar cutar daji tana da shekara 15, bayan dajin ciki ya kashe kakanta. Ta gama digirin farko a 1937, ɗakunan bincike suka ƙi ɗaukarta saboda mace ce, har ta yi aikin auna tsamin abincin gwangwani a wani kamfani. Sai a 1944, da yaƙin duniya ya kwashe maza, ta samu shiga ɗakin binciken George Hitchings. Ta fara karatun dokta da yamma bayan aiki, aka ce mata ko ta bar aikin ko ta bar karatun, ta bar karatun. A 1951 ta haɗa maganin 6-markaptofurin, wanda ke kama da ɗaya daga cikin tubalan ƙwayar gado, ƙwayar daji ta ɗauke shi bisa kuskure ta kasa hayayyafa. Har yau ana ba da shi ga yara masu dajin jini, kuma a 1988 aka ba ta kyautar Nobel. Ita ta tsallake saboda yaƙi ya buɗe mata gurbi, kuma ba daidai ba ne mu bar ƴaƴanmu ga irin wannan sa'a.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Farfesa Tebello Nyokong, wadda aka haifa a Lesoto a 1951, ta yi kiwon tumaki tana yarinya tana haɗawa da makaranta. Ta gama digirin farko a ƙasarta a 1977, ta samu dokta a Kanada a 1987, ta kama aiki a Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu a 1992. Bincikenta a kan wasu sinadaran rini ne da ake sa wa a jiki su taru a ƙari, sannan a haska musu jan haske su kashe ƙwayoyin dajin. A 2009 ta karɓi kyautar L'Oréal da UNESCO ta mata masana kimiyya. Ku duba tazarar: shekara 32 tsakanin digirin farko da wannan kyauta. Abin lura a wurina shi ne ta dawo Afirka, ta tarar da jami'ar da ta ba ta ɗaki da lokaci, ta yaye ɗalibai masu yawa da yanzu suke riƙe da nasu ɗakunan.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. A kowace shekara a zaɓi ƴan mata kaɗan, ko da uku ne ko huɗu, daga masu ƙwazo a shekara ta biyu ta lisans, a haɗa kowace da malami mai kula da ita, a kuma ba ta tallafin da ba ya yankewa tsakanin lisans da masta, ko tsakanin masta da dokta, domin a wannan ramin ne aka fi faɗawa. Kafin a fara, jami'a ta kira uba ko miji ta zauna da shi cikin mutunci, ta nuna masa tsawon tafiyar da amfaninta, ta ji damuwarsa. Na ga iyaye da yawa da suka sauya ra'ayi don kawai wani babba ya girmama su ya yi musu bayani. A rubuta a dokar jami'a cewa hutun haihuwa yana tsayar da ƙirgen shekarun dokta da na ƙarin girma na cikin gida, kuma wakilanku su kai wannan magana taron CAMES. A keɓe ɗaki kusa da wurin aiki inda mai goyo za ta ajiye jaririnta da mai reno, ta fito ta shayar ta koma. Karatun waje kuma a tsara shi da haɗin gwiwa, wata shida a can, wata shida a nan, tare da jami'o'in Yamai ko Zariya ko Kano ko Dakar ko Faransa, yadda matar aure za ta iya, kuma aikin ya kasance a kan gyaɗarmu da marasa lafiyarmu.

Sai ɗakin binciken kansa, wanda in babu shi duk wadda kuka horar za ta tafi inda yake, kuma ba mai ganin laifinta. Ba sai an fara da na'urori masu tsadar gaske ba. Kayan auna afalatoksin a abinci da jini, da na'urar ninka ƙwayar gado, da kayan rina yankan nama domin rarrabe dajin mama, sun isa a fara aikin da mujallun duniya za su karɓa. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne sanyi da wuta. Jini da nama ana ajiye su ne a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, kuma dare ɗaya na ɗaukewar wuta a watan Afrilu ya isa ya narkar da abin da aka shekara biyar ana tarawa. Don haka a sa faifan hasken rana da batura tun ranar farko, a ɗauki ƙwararren ma'aikaci na dindindin wanda zai riƙe gwaji idan mai binciken tana jego, a kuma ware kuɗin sayen sinadarai duk shekara, domin na'urar da ba ta da sinadari kwalliya ce kawai. A ƙulla yarjejeniya a rubuce da babban asibitin Maraɗi da cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da ke Tarna, a kafa kwamitin da zai tabbatar ba a ɗebi jinin kowa ba sai da yardarsa bayan an yi masa bayani da harshensa. Idan kuma baƙi suka zo haɗin gwiwa, a sa sharaɗi cewa rabin abin da aka ɗiba zai zauna a nan, kuma sunan ƴarmu zai fito a kan takardar gwargwadon aikinta, kada ta ƙare a matsayin mai tara wa wasu kwalabe.

Na san za a ce zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun fi gaggawa, kuma gaskiya ne suna kashe yara fiye da daji. Amma gubar da nake magana a kai tana cikin kwanon yaron da ke tsumburewa, kuma na'urar da ke gano ɓarnar ƙwayar gado ita ce dai ke gano ƙwayar zazzaɓin da ta daina jin magani. Ɗaki ɗaya ne zai yi wa matsalolin duka aiki. Za a kuma ce babu kuɗi. Maraɗi garin Alhazai ne da suka gina masallatai da makarantu da dukiyarsu, da yawansu kuma da gyaɗa kakanninsu suka kafa arziki. Idan jami'a ta buɗe asusu mai tsabta, ta bayyana abin da ya shiga da abin da ya fita duk shekara, na tabbata za a samu wanda zai ɗauki nauyin ɗaliba guda daga lisans zuwa dokta a matsayin sadaka mai gudana. Ƴan kasuwar gyaɗa da mai su ma suna da riba a ciki, tunda Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da gubarta ta wuce maikurogiram 4 a kilo guda, kuma takardar awo daga jami'a za ta ɗaga darajar hajarsu.

Ranka ya daɗe, ina roƙon a sa wannan magana a ajandar zaman majalisar jami'a na gaba, a kuma gayyaci ƙungiyoyin mata masu sarrafa gyaɗa da likitocin mata da malaman kimiyya na lise su faɗi abin da suka sani. Mu tsofaffin malamai a shirye muke mu shiga makarantu mu nemo muku ƴan matan, mu kuma raka ku gidajen iyayensu. Ina fatan kafin buɗe shekarar karatu mai zuwa za ku sanar da jama'a matsayar da kuka ɗauka da sunan malamin da aka ɗora wa alhakin aiwatar da ita.

Allah ya taimake ku a kan wannan amana. Wassalam.

Taku,
Tsohuwar malamar kimiyya, Maraɗi